Kujerar Gallaudet: Kurame Sun Ƙi A Shugabance Su Ba Da Yawunsu Ba

A yammacin Lahadi, 6 ga Maris 1988, ɗaliban Jami'ar Gallaudet da ke birnin Washington na ƙasar Amurka suka taru suna dakon sunan wanda kwamitin amintattu zai naɗa sabon shugaban jami'ar. Mutum uku ne suka kai zagayen ƙarshe. Biyu daga cikinsu kurame ne: I. King Jordan, shugaban ɗaya daga cikin tsangayoyin jami'ar, da Harvey Corson, shugaban makarantar kurame ta jihar Louisiana. Ta ukun ita ce Elisabeth Zinser, babbar jami'a a Jami'ar North Carolina da ke Greensboro, mace mai ji wadda ba ta iya maganar hannu ba. Ita kwamitin ya zaɓa, kuma ba a ma tsaya an fuskanci ɗaliban an gaya musu ba, sai dai suka tsinci labarin a takardar sanarwa da aka raba. A lokacin jami'ar ta cika shekara 124 da kafuwa, ita ce ta farko a duniya da aka gina domin kurame, kuma a tsawon waɗannan shekaru ba a taɓa ba kurma shugabancinta ba. Washegari ɗalibai suka rufe ƙofofin jami'ar da sarƙoƙi da motocin bas, kafin wata Lahadin ta wuce kuwa Zinser ta ajiye muƙamin, shugabar kwamitin amintattu ta sauka, an kuma naɗa Jordan.

Ina ganin ɗaliban nan suna da gaskiya, kuma gaskiyarsu ta wuce batun wane ne zai zauna a kujera. Abin da suka ƙi shi ne wata tsohuwar ɗabi'a da ta yi jijiya a kusan kowace al'umma, har da tamu, wato a ɗauki kurma abin tausayi da za a yi wa hidima, a gina masa makaranta, a ba shi abinci da littafi, amma idan aka zo wurin yanke shawara a kan rayuwarsa sai a ce ya jira a waje. Tausayi irin wannan yana da daɗin yi ga mai yin sa, yana kuma da wuyar ƙi ga wanda ake yi wa, domin duk wanda ya ƙi shi sai a kira shi butulu. Ɗaliban Gallaudet sun yarda a kira su da kowane suna, muddin za a daina yanke musu hukunci a bayan idonsu.

Wanda bai san abin da ya gabata ba zai iya ɗauka cewa fushin ya fi ƙarfin laifin. Ilimin kurame a Amurka da hannun kurma aka fara shi. A 1817 Thomas Hopkins Gallaudet ya buɗe makarantar kurame a Hartford tare da Laurent Clerc, wani malami kurma da ya taho da shi daga Faransa, kuma da maganar hannu ake koyarwa. Ɗansa Edward Miner Gallaudet, wanda mahaifiyarsa kurma ce, shi ne ya jagoranci makarantar Washington da Shugaba Abraham Lincoln ya sa wa hannu a 1864 ta sami ikon ba da digiri, wadda ita ce ta zama Jami'ar Gallaudet. Sai kuma aka yi taron malaman kurame na ƙasa da ƙasa a Milan ta Italiya a 1880, taron da kusan dukkan mahalartansa masu ji ne, aka zartar cewa koya wa kurma furta magana da baki da karanta leɓen mai magana ya fi maganar hannu, don haka a kawar da ita daga aji. Edward Gallaudet yana cikin 'yan tsirarun da suka ƙi amincewa, amma rinjaye ya tafi da su. Abin da ya biyo baya a Turai da Amurka shi ne korar malamai kurame daga makarantu, da hana yara motsa hannu, har ana dukan hannuwansu ko a sa su zauna a kansu, da kuma ɓata shekaru ana tilasta wa yaro ya furta sautin da bai taɓa ji ba, alhali lissafi da tarihi da sauran darussa suna wuce shi. Sai a 2010, a taronta na Vancouver, wannan ƙungiyar malamai ta fito fili ta yi watsi da ƙudurorin Milan, bayan shekara 130.

A Gallaudet ɗin ne kuma aka fara warware wannan ƙulli. William Stokoe, malamin Turanci mai ji, ya lura da yadda ɗalibansa suke hira a tsakaninsu, ya wallafa bincike a 1960 yana nuna cewa maganar hannu ta Amurka cikakken harshe ce mai nahawunta, cewa kowace alama tana da siffar hannu da wurin da ake yin ta da motsin da ake yi, kuma sauya ɗaya daga cikinsu yana sauya ma'ana kamar yadda sauya harafi yake sauya kalma. A 1965 shi da abokan aikinsa biyu kurame, Dorothy Casterline da Carl Croneberg, suka fitar da ƙamus. Da farko hatta wasu kuramen ba su yarda da shi ba, domin an daɗe ana gaya musu cewa abin da suke yi da hannu kwaikwayon Turanci ne gurgu, har suka gaskata. Ɗaliban 1988 su ne tsarar da ta tashi tana sane da cewa tana da harshe, da waƙoƙi da wasan kwaikwayo da labaran ban dariya da ake yi da shi, da tarihin da ya haɗa ta. Mutumin da ya san haka game da kansa ba zai ƙara yarda a ce masa bai isa ba.

Shugabar kwamitin amintattu ta lokacin, Jane Bassett Spilman, ta gana da wakilan ɗalibai a otal ɗin Mayflower a daren da aka yi sanarwar, bayan sun yi tattaki zuwa can. Daga wannan ganawa aka ruwaito ta ce kurame ba su kai matsayin gudanar da al'amura a duniyar masu ji ba. Ta musanta, ta ce tafinta ne ya juya maganarta ba daidai ba. Ni ban ga amfanin tsayawa tantance wanda ya fi gaskiya a tsakaninsu ba, domin uzurin da ta kawo ya fi zargin nauyi. Mace ce da ta yi shekaru a kwamitin da ke riƙe da jami'ar kurame, har ta zama shugabarsa, amma ba za ta iya gaya wa ɗalibi ɗaya jimla ɗaya ba sai da mutum na uku a tsakani. A kwamitin mai kujeru 21, mutum huɗu ne kacal kurame. Washegari ma, da ta zo yi wa taron ɗalibai jawabi aka kunna ƙararrawar gobara, ta koka cewa hayaniya ta hana a ji juna, ɗaliban kuwa suka tambaye ta da hannu wace hayaniya take nufi. A wannan ɗaki ita ce ba ta iya sadarwa ba, su kuwa suna ta hira a tsakaninsu daga wannan bango zuwa wancan.

Shugabannin ɗaliban huɗu, Greg Hlibok da Bridgetta Bourne da Jerry Covell da Tim Rarus, sun gabatar da buƙatu huɗu: Zinser ta sauka a naɗa kurma, Spilman ta sauka, kurame su zama kashi 51 cikin 100 na kwamitin amintattu, kuma kada a hukunta duk wanda ya shiga zanga-zangar. Duniya ta fi riƙe buƙata ta farko, domin ita ce ke rubuce a kan alluna, "Shugaba kurma, yanzu!", amma a wurina ta ukun ce ta nuna cewa yaran nan sun fahimci inda mulki yake. Shugaba yana zuwa ya tafi. Kwamitin amintattu shi ke naɗawa, shi ke saukewa, shi ke amincewa da kasafi, kuma da an ba su shugaba kurma an bar kwamitin yadda yake, da bayan 'yan shekaru an koma gidan jiya. Sun kuma san cewa mafi yawan kuɗin jami'ar daga majalisar dokokin Amurka yake fitowa, shi ya sa suka kai kukansu can, har ɗan majalisa David Bonior, wanda shi ma ɗan kwamitin ne, ya yi gargaɗin cewa kuɗin na iya shiga haɗari. Mataimakin shugaban ƙasa George Bush da Sanata Bob Dole sun riga sun rubuta wasiƙun goyon bayan a naɗa kurma, Jesse Jackson, mai fafutukar kare haƙƙin baƙaƙen fata, kuma ya ce matsalar ba rashin jin ɗaliban ba ce, matsalar ita ce duniyar masu ji ba ta saurara. Shi kansa Jordan da farko ya fito ya mara wa zaɓin kwamitin baya, amma washegari ya janye ya koma ɓangaren ɗalibai. Zinser ta yanke shawarar sauka a daren 10 ga Maris ba tare da ta taɓa samun shiga harabar jami'ar a matsayin shugaba ba, kuma ya kamata a yaba mata, domin ta gane da wuri cewa abin da ke gabanta ya fi ƙarfin rikicin makaranta. Ɗaliban ba su koma aji ba duk da haka. Sun yi tattaki zuwa ginin majalisa da mutane kusan 2,500, suka jira har ranar 13 ga wata da aka biya musu dukkan buƙatun, aka kuma ba wani kurma, Philip Bravin, shugabancin kwamitin.

Akwai hujjar da masu adawa suka kawo a lokacin, har yau kuma ana kawo irinta, kuma ba hujjar banza ba ce. Suna cewa jami'a wurin cancanta ce, a zaɓi wanda ya fi iya tafiyar da kuɗi da ma'aikata da hulɗa da gwamnati, ko da ji ko babu, domin idan aka fara zaɓen shugaba da siffar jikinsa an buɗe ƙofar da ba za a iya rufewa ba. Amsata ita ce waɗanda suka yi wannan magana sun ƙirga wasu abubuwa a cikin cancanta sun bar wasu. Babu jami'ar da za ta naɗa shugaban da bai iya harshen da ake karatu da shi a cikinta ba, ta ce zai koya daga baya, kuma babu wanda zai kira wannan sharaɗi wariya. A Gallaudet kaɗai aka ga ya dace a tsallake shi, dalili kuwa shi ne 'yan kwamitin ba su ɗauki maganar hannu harshe ba. Su kuma kuramen biyu ba a ɗauko su daga titi ba: Jordan yana da digirin digirgir a ilimin halayyar ɗan Adam, ya koyar, ya shugabanci tsangaya, kuma shekaru 18 da ya yi a kujerar sun nuna cewa ya iya neman kuɗi da gina jami'a. A ƙasar Hausa ma ba mu taɓa jin an naɗa mai ido Sarkin Makafi ba, haka guragu da kutare da bebaye kowa da nasa sarkin daga cikinsu, domin magabatanmu sun san cewa mutane ba sa bin wanda bai ɗanɗana abin da suke ɗanɗana ba. Sai dai mu mun tsayar da wannan hikima a kan sasanta rigima da rabon sadaka, ɗaliban Gallaudet kuwa sun kai ta har kan kasafin kuɗi da manhajar karatu.

Wani abin da yake ɗaure wa mai ji kai shi ne jin kurma yana cewa yana alfahari da kurumtarsa. Mun saba kallon abin a matsayin lalura ko jarrabawa da ake roƙon Allah ya kawo sauƙinta, kuma uwar da zazzaɓi ko sanƙarau ya tafi da jin ɗanta ba za ta ji daɗi a ce mata ta yi murna ba. Ban ga saɓani a nan ba. Kuramen Gallaudet ba cuta suke yaba wa ba. Suna alfahari ne da abin da suka gina a kan wannan hali, wato harshe da zumunci da ilimi, da kuma yadda suka riƙe shi duk da shekaru ɗari da aka yi ana ƙoƙarin ƙwace shi. Akwai kuma wani dalili da ya sa makaranta ta fi muhimmanci gare su fiye da yadda take ga sauran jama'a. Fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne. Bahaushe yana shan Hausa a nono, amma mafi yawan kurame ba a gida suke samun harshensu ba, sai sun haɗu da 'yan uwansu kurame, galibi a makaranta. Yaro yana iya yin shekara shida ko bakwai a tsakiyar iyalin da ke ƙaunarsa ba tare da ya san sunan kansa ba, yana ganin ana dariya a wurin cin abinci bai san dalili ba, har ranar da zai shiga makarantar kurame ya tarar da mutanen da za su fahimce shi. Ga irin wannan yaro Gallaudet ita ce garinsu, kuma wanda aka naɗa shugabanta yana gaya wa kowane ƙaramin kurma iyakar inda zai iya kaiwa. Maganar da Jordan ya yi wa 'yan jarida, cewa kurma zai iya yin komai ban da ji, ta yi tasiri ne domin daga kan kujerar shugaban jami'a ya faɗe ta.

Makon nan ya bar alama a dokokin Amurka. A watan Yulin 1990 Bush, wanda ya zama shugaban ƙasa, ya sa hannu a babbar dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman, wadda ta hana nuna musu bambanci a wurin aiki ta kuma tilasta samar da hanyar sadarwa kamar tafinta a wuraren hidimar jama'a, a shekarar kuma aka yi dokar da ta sa dole akwatunan talabijin su riƙa iya nuna rubutun abin da ake faɗa a ƙasan allo. Ba ɗaliban Gallaudet kaɗai suka kawo waɗannan dokoki ba, makafi da guragu da iyaye sun daɗe suna fafutuka, amma 'yan majalisa sun ga kurame da idonsu suna tsara tattaki da tara kuɗi da muhawara a talabijin, kuma bayan haka zai yi wuya a ci gaba da yi musu kallon marasa wayo.

Inda ra'ayina ya fi shan gwaji shi ne abin da ya faru a 2006, domin a nan babu mai ji da za a ɗora wa laifi. Jordan ya sanar da cewa zai yi ritaya, a ranar 1 ga Mayu kuma kwamitin amintattu, wanda a lokacin kurame ne suka fi yawa a cikinsa, ya zaɓi Jane Fernandes, mataimakiyarsa mai kula da harkokin karatu. Ita ma kurma ce tun haihuwa, sai dai da magana da karatun leɓe aka raine ta, ba ta koyi maganar hannu ba sai da ta kai shekara 23. Nan take ɗalibai suka kafa tantuna a bakin ƙofa, malamai suka kaɗa ƙuri'ar rashin amincewa da ita. Bayan hutu rikicin ya dawo da ƙarfi a watan Oktoba, ɗalibai suka mamaye babban ginin azuzuwa, suka rufe jami'ar, a ranar 13 ga wata aka kama mutum 133. Jordan, wanda zanga-zanga ta ɗora a kujera, shi ne ya ba da izinin kamun, kuma Tim Rarus, ɗaya daga cikin huɗun da suka jagoranci ta 1988, yana cikin waɗanda aka kama. Kwanaki kaɗan bayan haka kashi 82 cikin 100 na malaman da suka kaɗa ƙuri'a suka nemi ta sauka ko a sauke ta, a ranar 29 ga Oktoba kuma kwamitin ya soke naɗin.

Fernandes ta ce an ƙi ta ne don ana ganin kurumtarta ba ta cika ba, jaridun Amurka kuma suka rungumi wannan bayani, domin yana da sauƙin rubutawa. Ba zan ce babu ƙamshin gaskiya a ciki ba. A cikin al'ummar kurame akwai masu fifita wanda aka haifa a gidan kurame ya tashi da maganar hannu a kan wanda ya zo daga baya, kuma a lokacin ana cikin fargabar na'urar da ake dasa wa yara a kunne, wadda wasu ke ganin za ta ƙarar da harshensu. Wannan fifiko kuskure ne, domin ba yaro ne ya zaɓi yadda za a raine shi ba, kuma jami'ar da ta rufe ƙofa ga kurma mai magana ko mai na'ura a kunne ta rage wa kanta ɗalibai da hujjar wanzuwa. Cin zarafin da aka yi wa Fernandes da barazanar da ta sa shugabar kwamitin, Celia May Baldwin, ta ajiye muƙaminta ba su da madafa. Rufe harabar kuma ya shafi ƙananan yara kurame na makarantar firamare da ta sakandare da ke ciki, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Sanata John McCain ya fice daga kwamitin saboda bai yarda da soke naɗin ba, kuma na fahimci damuwarsa, domin hukumar da ke sauya hukunci duk lokacin da aka toshe mata ƙofa tana koya wa na baya yadda za su juya ta.

Duk da haka bayanin Fernandes bai ɗauke nauyin abin da ya faru ba. Shi kansa Jordan sai da ya kai shekara 21 ya kurumce, sakamakon haɗarin babur, da baki kuma yake magana, amma waɗannan mutane ne suka ɗaga shi a 1988. Abin da masu zanga-zangar suka riƙa nanatawa shi ne yadda aka gudanar da zaɓen da kuma yadda ta yi mulki a shekaru shida da ta riƙe harkokin karatu. Tun naɗinta a wancan muƙami a 2000 malamai suke ƙorafin ba a tuntuɓe su ba. An yi zargin cewa tun farko an shirya ita za a ba, an kuma yi mamakin yadda Glenn Anderson, baƙar fata kurma mai digirin digirgir wanda ya daɗe yana shugabantar kwamitin amintattu, bai kai cikin ukun ƙarshe ba. Ɗalibai da yawa ba sa kammala karatu, kuma wannan ba ƙage ba ne, domin a 2007 hukumar da ke tantance jami'o'in yankin ta sa Gallaudet a ƙarƙashin sa ido, sai a shekara ta gaba, a zamanin Robert Davila, shugaban da ya gaji Jordan, aka janye. Idan malamai da ɗalibai da tsofaffin ɗalibai da suka yi aiki da mutum shekara da shekaru suka haɗu suka ce ba za su bi shi ba, kwamitin da ya dage a kan naɗa shi ya maimaita laifin 1988 ne, ko da kuwa kowa a cikinsa kurma ne. Wannan ne ya sa nake ganin zanga-zangar biyu abu ɗaya suke nema. Kurumtar shugaba sharaɗi ce da ta wajaba a irin wannan jami'a, amma ba ta ɗauke masa wajibcin neman yardar waɗanda zai shugabanta. Daga baya Fernandes ta shugabanci Kwalejin Guilford, Gallaudet kuma ta naɗa Alan Hurwitz a 2010, sannan Roberta Cordano a 2016, dukkansu kurame, ba tare da an sake rufe ƙofa ba.

Batun Anderson ya taɓo wani tabo da jami'ar ta daɗe tana ɗauke da shi, kuma ta nan labarin ya iso gare mu. Gallaudet ta yi shekaru 90 kafin baƙar fata na farko ya karɓi digirinta. Shi ne Andrew Foster, ɗan jihar Alabama da sanƙarau ya kurumtar yana ɗan shekara 11, wanda ya kammala a 1954. Ya zo Afirka ya buɗe makarantar kurame a Accra a 1957, sannan a Ibadan a 1960, ya ci gaba har ya kafa makarantu fiye da 30 a ƙasashe 13, kafin ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a watan Disambar 1987, wata uku kafin zanga-zangar. Aikinsa na mishan ne, amma hanyar da ya bi ita ce horar da kurame su koyar da kurame, kuma ta dalilinsa ne alamomin da ake koyarwa a makarantun kurame na Najeriya da Ghana suka samo asali daga na Amurka. Kafin zuwansa kuwa kuramen ƙasar Hausa suna da maganar hannunsu da suka gada, wadda wata mai bincike Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna a Kano ta nazarta ta wallafa a 2000, kuma masu ji da yawa a kasuwanni da unguwanni suna iya taɓa ta gwargwado. Abin da nake tsoro shi ne kada mu yi wa wannan harshe abin da taron Milan ya yi wa na Turai, mu ɗauka cewa alamar da ta zo ta hanyar makaranta ita ce ta ilimi, ta gida kuma ta jahilci. Wannan hukunci ne da ya kamata kuramen da ke amfani da harsunan biyu su yanke da kansu.

Najeriya ta sami dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman a watan Janairun 2019, wadda ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, kuma da aka kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020 kurma ne, James Lalu, aka fara ba ragamarta. Wannan ci gaba ne, amma rayuwar yaro kurma a aji take yankuwa, kuma har yanzu ana tura malamin da bai iya maganar hannu ba ya koyar a makarantar kurame, ya cika allo da rubutu yara su kwafa ba su san me suka kwafa ba. Ma'aikatun ilimi na jihohinmu suna da abin yi wanda bai buƙatar sabon gini: su sa iya maganar hannu ya zama sharaɗin tura malami ko shugaba irin waɗannan makarantu, su ɗauki nauyin ɗalibai kurame da suka gama sakandare zuwa kwalejin horar da malaman ilimi na musamman da ke Oyo ko sashen da ke Jami'ar Jos da alkawarin aiki idan sun dawo, su kuma ba ƙungiyoyin kurame rinjayen kujeru a kwamitin gudanarwar kowace makarantar da aka gina domin 'ya'yansu.